Shanun da Ba Su Mutu a Takarda Ba

Shekara huɗu Nusaiba tana karatu a Dakar, amma har yau babu mutum ɗaya a Barmu da zai iya gaya maka abin da take karantawa. In aka tambayi mahaifinta, Malam Almustafa, sai ya gyara rawani ya ce lissafi ne. In aka matsa, aka ce ai lissafi iri-iri ne, sai ya ce wanda ya fi wuyar. Mahaifiyarta Raƙiya kuwa ta hutar da kanta tun da wuri, ta gaya wa matan unguwa cewa ɗiyarta likitar banki za ta zama, kuma babu wadda ta yi musu.

Ita Nusaiba abin bai taɓa yi mata wuyar faɗa ba. Sunan karatun aktuwariya. Aikin mai shi shi ne ya dubi asarar da ta sami mutane da yawa cikin shekaru da yawa, ya gano sau nawa irinta take zuwa, sannan ya faɗi abin da kowa zai riƙa zubawa a tukunya guda don kada ranar asara a tarar da tukunyar wayam. Ba duba ba ne, ba kuma shiga hurumin Ubangiji ba. Ba ta san saniyar wa za ta faɗi ba. Ta dai san in shanu dubu suka shiga bazara, ba dubu ne za su ga damina ba. Yarinya ce mai kai, kuma ta san tana da shi, wanda shi ne ɗan ciwon da ke damun masu kai.

Har saniyarta ba ta tsira daga lissafin ba. Tana da wata jar saniya mai suna Kyauta, wadda aka ba ta tana ƙarama. A muguwar shekarar da ciyawa ta ƙare, lokacin Nusaiba tana aji huɗu a lakwal, wato firamare, mahaifinta ya ce mata ya tura Kyauta arewa wurin wani amininsa Buzu don ta sami kiwo. Tun daga nan ba ta dawo ba, Nusaiba kuma ba ta damu ba, don ta san arewa da nisa. A shekararta ta biyu a jami'a ta zauna ta lissafa ƴaƴa da jikokin da Kyauta za ta iya tarawa, ta sami arba'in da uku. Duk hutun da ta zo gida sai ta tsokani mahaifinta, ta ce ya shirya ya je ya koro mata garkenta. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya sako wata magana.

Abin da ya rage mata ta karɓi digiri shi ne kundin ƙarshen karatu, kuma shi ya dawo da ita Tawa, babban birnin yankinsu. Wata ƙungiyar makiyaya mai biro, wato ofis, a garin tana son kafa asusun taimakon juna: kowa ya riƙa zuba wani abu a kan kowace saniya, wanda ya yi asara a mayar masa. Malaman addini sun duba tsarin sun ce babu laifi. Abin da ya rage shi ne a san shanu nawa ake asara cikin ɗari a shekara, domin a kan wannan adadi za a yanka wa kowa abin da zai zuba. In adadin ya yi ƙasa, asusun zai ƙare a mummunar shekara ta farko, lokacin da aka fi bukatarsa. Nusaiba ce za ta fitar da adadin, ta karanta shi gaban wakilan makiyaya, ta sa hannu a ƙarƙashinsa.

Sakataren ƙungiyar, Malam Zubairu, mutum ne mai tsabta da son tsari, irin wanda yake jera alƙalumansa bisa tsawonsu. Ya buɗe mata wani ɗaki ya nuna mata kwalaye goma sha biyar, kowace shekara da kwalinta. A ciki akwai takardun da ma'aikatan ƙungiyar suka riƙa cikewa wata-wata a Barmu da Bambay da rugagen arewa. Kowace takarda tana da sunan mai garke da layuka biyar: waɗanda aka haifa, waɗanda aka saya, waɗanda aka sayar, waɗanda aka yanka, da waɗanda suka mutu.

Sati shida ta yi tana zuba su a na'urarta, fanka yana juyo mata iskar zafi. Layin mutuwa shi ne abin nemanta, shi ta bi tiryan-tiryan. Layin yanka kuwa ta ajiye shi gefe, domin a ganinta wannan cin gida ne: suna, biki, Layya, baƙo mai daraja. Da ta gama sai adadin ya fito fes. Uku cikin ɗari a shekara. Ko a muguwar shekarar nan bai wuce bakwai ba. Malam Zubairu ya ji daɗi har ya aika aka sayo mata lemo mai sanyi, ya ce da wannan adadi kowa zai shiga, domin abin zubawar ba zai taka kara ya karya ba. Malaminta na Dakar ya duba ya rubuto mata cewa aiki ya yi kyau. Aka sa ranar taro, kwana goma masu zuwa.

Ranar Lahadi ta hau kabu-kabu ta tafi kasuwar dabbobi, wai za ta ɗauki hoton shanu don bangon kundinta. A can ta tarar da Kawu Illa, yayan mahaifiyarta, wanda a gidansa ta sauka. Mahauci ne tun kafin a haife ta, kuma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Yana zaune a inuwar rumfa yana wasa wuƙa a kan dutse.

"Ɗiyar Dakar," in ji shi, "kin gama ƙirgar shanun mutane?"

"Na gama, Kawu. Uku cikin ɗari ke mutuwa a shekara. Ko shekarar da ciyawa ta ƙare, bakwai ne kawai."

Ya tsayar da wuƙar. "Bakwai cikin ɗari. Wa yah hwaɗa miki?"

"Takardu, Kawu. Na shekara goma sha biyar."

"To takardun ga ba su tahi daji ba. Ni na tahi." Ya gwada kaifin a farcensa, ya ajiye. "Shekarar nan mu shida munka ɗauki mota, da gishiri da itace, munka yi arewa. Wata biyu ban kwana gida ba. Ko'ina munka tsaya sai ka ga mutum ya taho da gudu, saniya tai ta hwaɗi, an ɗaga ta ta ƙi tsayuwa. Mi za ya yi? Shi tsaya shi kalle ta har rai shi hita, ta zama mushe? Wane Musulmi ka yin haka da wuƙa a ƙugu nai? Sai shi yi bisimilla shi sa mata wuƙa. Mu saye da abin da bai kai kuɗin akuya ba, mu shanya. Wuƙa ukku na ƙarar shekarar nan."

Nusaiba ta ce, a hankali, "To in ma'aikaci ya zo da takarda ya tambaye shi fa?"

"Sai shi hwaɗi gaskiya. Wadda tam mutu ita ce wadda anka iske da sahe ta sandare, ko wadda taɓ ɓace a daji. Wadda anka yanka kau an yanka ta. Ke ba ɗiyar makiyayi ba ce?"

Ita ce kuwa, ga ta kuma ɗiyar ƙanwar mahauci, kuma sai da ta je har Dakar kafin ta manta abin da kowace yarinyar Barmu ta sani. Kunya ta kama ta. Sai kuma wani abu ya dawo mata. A shekarar nan tsakar gidansu cike yake da igiyoyi, nama yana rataye a kansu jere-jere, ƙudaje suna bi. Kullum da nama a miya. Ita a lokacin murna take yi, ta ɗauka arziki ne ya sauka a gidansu, har tana yi wa ƙawayenta gori a makaranta. Ta mayar da wayarta jaka, ba ta ɗauki hoton ko saniya ɗaya ba.

Washegari tun kafin mai shara ya gama tana biro. Ta buɗe layin da ta ajiye gefe, ta jera shi wata-wata. A shekarun lafiya yankan kaɗan ne, kuma kusan duk bijimai ne da tsofaffi. A munanan shekaru kuwa layin yana kumbura a watan biyar da watan shida, ƙarshen bazara, lokacin da babu Layya babu biki, kuma akasarinsu mata ne masu haihuwa. Babu wanda yake yanka saniyar tatsa don sunan jariri. Ta ware waɗannan ta haɗa su da layin mutuwa, ta sake lissafin sau uku ta hanyoyi daban-daban. Muguwar shekarar ta tashi daga bakwai ta koma talatin da huɗu cikin ɗari. Matsakaicin shekarun duka ya tashi daga uku ya koma takwas.

Wani abin mamaki, ba ta ji tsoro ba. Sanyi ta ji a ranta, irin na wanda ya daɗe yana tafiya da tsakuwa a takalmi bai sani ba sai da ya cire ta. Adadin farko kyau gare shi, amma na biyun ya yi kama da ƙasar da ta tashi a cikinta.

Malam Zubairu bai ji wannan sanyin ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Malama Nusaiba, kin san abin da kike cewa? Abin zubawar zai ninka har ya wuce. Rabin mutanen nan za su tashi su bar mu. Shekara ukku ina bin su ruga-ruga kahin su yarda su zamna wuri guda."

"Na sani, Malam. Amma in muka tsaya a uku, asusun ba zai ga ƙarshen bazara ɗaya mai tsanani ba. Kuma akwai wani abu. Dokar da aka rubuta ta ce za a biya saniyar da ta mutu. Wanda ya yanka tasa fa? Ko dai ya tashi a banza, ko kuma mu koya masa ya tsaya ya bar ta ta zama mushe don a biya shi."

Wannan ta shige shi, domin shi ma mai sallah ne. Amma ya ce shi takardu ya sani, maganar mahauci a rumfa kuwa ba zai iya kai ta gaban wakilai ba. Malaminta na Dakar ma kusan haka ya ce da ta kira shi. Ya yarda hujjar tana da ƙarfi, amma zato ne har sai masu garken da kansu sun tabbatar, an gwada maganarsu da abin da ke takardunsu. In ta samo shaida, ya karɓa. In ba ta samo ba, ko ta tsaya a adadin farko, ko kundin ya jira baɗi.

Nan gizo yake saƙar, domin makiyayin ƙasarsu ta Adar ba ya faɗin adadin shanunsa. Ka tambaye shi nawa gare shi, ya ce alhamdulillahi. Ka tambaye shi nawa ya rasa, ya ce Allah ya bar saura. Wasu tsoron baki suke yi, wasu tsoron haraji da suka gada daga kakanni, wasu kuma kawai suna ganin rashin kunya ne mutum ya tsaya gaban jama'a yana ƙirga abin da Allah ya ba shi ko ya karɓe. Ma'aikatan ƙungiyar ma ba da baki suka samo yawancin adadin ba, da ido suka ƙirga a bakin rijiya, suka haɗa da ƴan tambayoyi a keɓe.

Tana cikin juya kwalin muguwar shekarar ne ta ci karo da takardun mahaifinta. Almustafa, Barmu. Ta haɗa watannin. Waɗanda suka mutu, biyu. Waɗanda aka yanka, goma sha tara. Duk tsawon rayuwarta abin da ta ji yana faɗa shi ne, a shekarar nan biyu kawai Allah ya karɓa.

Ranar Alhamis ta shiga motar Barmu. Ta same shi bayan la'asar a bayan gida yana ba ƴan shanunsa dusa. Ta durƙusa ta gaishe shi, suka taɓa hirar hanya da ta zafi, sannan ta faɗa masa abin da ya kawo ta, ba ta ɓoye komai ba, har da kuskurenta.

"Baba, so nake ranar taro ka faɗi nawa ka yanka a shekarar nan. In kai ka faɗa, wasu za su faɗa."

Ya daɗe yana juya dusar da hannu. "Ɗiyata, abin da yaw wuce ya wuce. Ban ƙirga su suna da rai ba, ba ni ƙirga su yanzu."

"Ba don ni kaɗai ba ne, Baba."

"Na jiya," in ji shi. Ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya, maganar ta ƙare a nan. Ta ji haushi, ba za a ɓoye ba, amma ta san mahaifinta. Ta kwana, ta ci tuwon Inna Raƙiya, da safe ta koma Tawa ta buga takardar taro da takwas a kanta.

Ranar taro aka kafa rumfa a farfajiyar biro, aka shimfiɗa tabarmi. Wakilai sun kai sittin, Hausawa da Buzaye, wasu da rawani har hanci. Kawu Illa ya rufe sana'arsa ya zo ya tsaya a baya, wai ya zo kallo. Malam Almustafa yana cikin wakilan Barmu, a gefe, sandarsa a kan cinya.

Nusaiba ta miƙe ta yi sallama. Ba ta yi Faransanci ba ko kalma ɗaya. Ta ce musu da farko ta sami uku cikin ɗari, kuma ta yi kuskure, domin ta ƙirga waɗanda suka mutu ta bar waɗanda aka riga mutuwa da wuƙa. Ta ce adadin gaskiya takwas ne, abin zubawa zai fi yadda aka yi musu albishir, amma asusun zai biya wanda ya yanka saniyarsa a bakin mutuwa kamar yadda zai biya wanda ya tarar da tasa ta mutu.

Guna-guni ya tashi. Wani dattijo daga Bambay, Alhaji Ma'azu, ya ɗaga hannu. "Yarinya, da anka ce muna ukku, yanzu kin ce takwas. Gobe wani shi zo shi ce goma sha biyu. Mi za mu riƙa?"

"Ku riƙe abin da kuka gani da idonku, Alhaji. Takardu sun nuna mini, amma ku kuka riƙe wuƙar. Wa zai faɗa mana nawa ya yanka a shekarar da ciyawa ta ƙare?"

Wani ya dubi sama, wani ya shiga gyaran takalmi. Malam Zubairu ya matso kusa da ita ya ce a hankali ko za a tsaya a uku a bana, baɗi a gyara. Ta ce masa, ita ma a hankali, ba za ta sa hannu a uku ba, ko da kundin zai jira baɗi. Ta ci gaba da tsayuwa, littafinta a buɗe, tana jira.

Sai Malam Almustafa ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ni ban iya ƙirga ba," in ji shi. "Amma na san sunansu." Ya dubi ƙasa, kamar suna kwance a gabansa. "Jar Goshi, ita taf fara hwaɗuwa, a hanyar rijiya. Sai Gajera. Sai Ƴar Abalak da ɗiyarta, rana guda. Sai Mai Kunne Guda."

Nusaiba ta ɗora alƙalami a takarda ta fara rubutawa, kowane suna da layinsa. Ya ci gaba, ba sauri ba tsayawa. Amarya. Baƙar Wutsiya. Doguwa, wadda ta fi kowa nono. Ƴar Talata. Wasu ya faɗi inda suka faɗi, wasu ya faɗi uwar da ta haife su. Wasu sunayen ta tuna su, har ta ga kamanninsu. Wani Buzu a gaba yana gyaɗa kai a kowane suna, kamar ya san su.

A na goma sha takwas ya tsaya. Nusaiba ta san takarda ta ce goma sha tara, amma ba za ta tambayi mahaifinta ragowar ba a gaban mutane, sha takwas ma sun isa. Ta ɗaga kai za ta yi masa godiya, sai ta ga bai zauna ba, kuma yanzu ita yake kallo.

"Da guda," in ji shi. "Kyauta. Ba ta tahi arewa ba, ɗiyata. Bayan gida tah hwaɗi, da ciki, kina lakwal. Kwana biyu muna ɗaga ta da itace. Ni na sa mata wuƙa da hannuna. Na kasa hwaɗa miki."

Arba'in da ukun da ta lissafa a Dakar suka watse a lokaci guda. Baƙin ciki ya kama ta, na saniyar, da na yarinyar da ta yi ta murnar nama a miya, amma wanda ya fi su duka na mutumin nan ne da ya yi fiye da shekara goma yana murmushi duk lokacin da ta ce ya je ya koro mata garkenta. Ta duƙar da kai ta rubuta sunan a layi na goma sha tara. Rubutun ya fito daidai da sauran.

"Na gode, Baba," in ji ta. Ta ɗauko takardarsa ta tsohon kwali ta miƙa wa Malam Zubairu tare da littafin. Ya sa tabarau ya duba wannan, ya duba wancan, ya ce wa jama'a sun yi daidai, babu ragi babu ƙari.

Alhaji Ma'azu ne ya fara gyaran murya. Ya ce shi ma ba ya ƙirga, amma akwai wata Fara da ba ya mantawa. Daga Fara ya wuce zuwa wata, har ya kai ƙarshen nasa. Bayansa Buzun nan na gaba ya faɗi nasa da Tamashek, wani yana mayarwa da Hausa. Aka tashi aka yi azahar aka dawo, layi bai ƙare ba. Malam Zubairu da kansa ya riƙa zaro takardar kowane mutum daga kwali yana gwadawa, ya manta da alƙalumansa a warwatse a kan tebur. Kafin la'asar mutum talatin da ɗaya sun faɗi sunayen shanunsu, kuma in ban da uku da suka ɗan saɓa, duk sun yi daidai da layin yanka.

Ba kowa ne ya shiga asusun ba. Wasu sun ce abin ya yi musu nauyi, suka ɗauki sandunansu suka tafi, kuma ba a ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage sun fi rabi, suka ɗaga hannu a kan takwas, suka kuma sa aka gyara dokar a nan take.

Malam Zubairu ya kawo mata takardar ya nuna mata wurin sa hannu. Kawu Illa ya leƙo ta bayanta ya ce a rubuta sunansa a kundin, tun da shi ne babban malaminta, ta ce za a rubuta. Mahaifinta yana tsaye a bakin rumfa, yana jiran motar Barmu. Ta je wurinsa da takardar a hannu.

"Lissahin naki ya hito?" ya tambaye ta.

"Ya fito, Baba."

"Har da ita a ciki?"

"Har da ita."

"To sa hannu," in ji shi. Ta dafa takardar a kan littafin sunayen, ta sa.